Huda Kamar ta Allura

"Inna, don Allah ku bari a kai shi asibiti yau ɗin nan..."

Mahaifiyar Muzzammil ko kallona ba ta yi ba, ta ci gaba da shafa masa magani a tafin hannu.

"Wanga ɗan ciwo? Ko ƙaya ta fi shi. Koma Kalgo wurin injinku, ɗiyata."

A ɗakin gwaji na jami'a a Kalgo muka haɗu da Muzzammil, ni ɗaliba, shi mai kula da injin da ke yanka da ruwa da lallausan yashi. Ruwan siriri ne kamar gashi, amma ƙarfe ma huda shi yake. Da shi muke fitar da ƙananan hanyoyi a kan gilashi, inda ɗigon jini zai bi a gwada shi. Shekara biyu Inna tana cewa macen inji ba ta zaman aure.

Ranar Talata bakin injin ya toshe. Ya kai hannu, sai ruwan ya ɓalle ya soke shi a tafi. Huda ɗaya kamar ta allura, ya yi dariya ya wuce gida Gwandu.

Da Inna ta fita na matso kusa da shi.

"Kai ka koya min, Muzzammil. Yashin yana can ciki, yana cin nama."

"Na sani, Huseinata." Ya rage murya. "Amma sai yanzu ta fara saukowa, ba ki ji ta ce miki ɗiyata ba? In na bar maganarta na bi taki, an gama. Ba ni kwana biyu kawai."

Na yi shiru, don ina son auren. Har yau ban yafe wa kaina shirun nan ba.

Kwana biyun suka zama biyar. Da aka kai shi asibiti hannun ya yi baƙi har kafaɗa, gubar ta shiga jini. Ranar Laraba aka yi jana'izarsa.

Bayan sadakar bakwai Inna ta miƙo min ɗan gilashi.

"Cikin aljihunai munka gane shi. Ba komai bisa."

Na ɗiga tawada a gefensa. Tawadar ta bi siraran hanyoyin da ya yanka a hankali, harafi bayan harafi, ta tsaya kafin na ƙarshe.

"Mi anka rubuta?"

"Sunana ne, Inna. Bai ƙarasa ba."

Ta dube ni.

"Kin san ciwon na kisa, ɗiyata?"

"Na sani."

"To mi ya sa kinka yi shiru?"