Waken Inno Mai Barkono

Ruwan shuka ya sauka a Tsanyawa ranar Talata. Washegari da hantsi wata tsohuwa ta shigo caji ofis, mayafinta a hannu, tana haki.

"Yallaɓai, an yanka ni ba wuƙa."

Sufeto Sama'ilu ya ture fayil ɗin gabansa. "Zauna, Inna. Wace ce ke?"

Sunanta Inno. Jikoki biyar take riƙo tun da ɗanta da matarsa suka rasu a hatsarin mota. A wannan shekarar da gero ya gagari talaka, rama da dusa suke kwana a kai, amma ba ta taɓa yarda an taɓa irin waken da ta liƙe a tulu ba. Jiya ta je bikin suna a maƙwabta, ta dawo ta tarar da tulun wayam.

"In laimar nan ta wuce ban shuka ba, yaran nan sun shiga uku."

Sufeto ya ɗauki Kofur Muntaka suka bi ta. Tulun yana bayan gado, an lulluɓe shi da tsohuwar tabarma. Ba a fasa ƙofa ba, ba a birkita komai ba.

"Wa ya san yana nan?"

"Ni, sai Badaru, baffan yaran. Shi ya kama mini muka ajiye."

Sufeto ya leƙa tulun. Nan take atishawa ta turnuƙe shi, har sau huɗu.

"Sannu, ɗan nan," in ji Inno. "Toka da dakakken barkono nake zubawa saboda ƙwari. Haka na gada."

Badaru ɗan hatsi ne. Suka same shi a rumfarsa a kasuwa, yana auna wa wata mata wake.

"Jiya ka je gidan Inno?"

"Ni? Wallahi rabona da gidan tun Sallah."

"Wannan waken fa?"

"Daga Kano na saro, ranka ya daɗe. Buhu sabo, da maganin ƙwari na zamani."

Saman buhun tas yake, an sheƙe shi. Sufeto ya naɗe hannun riga, ya zura har gwiwar hannu, ya juyo na ƙasa sama. Farar ƙura ta tashi. Mai sayen ta fara, Kofur ya karɓa, sai ga layin 'yan hatsi gaba ɗaya ya kaure da atishawa.

"Kai, Badaru!" wani tsoho ya ce yana share ido. "Wake kake sayarwa ko yaji?"

"Wane kamfani ne a Kano yake zuba toka?" Sufeto ya tambaya.

Badaru ya sunkuyar da kai. "Sharrin Shaiɗan ne. Na ga wake ya yi tsada, na ce in kaka ta yi sai in mayar mata."

"Kakar da ba a shuka ba?" in ji Sufeto.

Kofur ya ɗaura masa ankwa, ya kuma saɓi buhun. "Yallaɓai, wannan shaida ce, sai an gama kotu."

Inno, da ta biyo su kasuwar, ta riƙe bakin buhun gam. "Ƙasa ba ta san kotu ba, ɗan nan."

Sufeto ya ɗebi gwangwani ɗaya ya ƙulle a leda. "Wannan ya ishi alƙali. Sauke mata."

Kafin a tura Badaru cikin mota, maza uku daga layin hatsi sun riga sun aika gida a ɗauko musu sungumi, sun bi bayan Inno zuwa gona.