Zafin Saba

Bayan isha'i ne, ruwa ya ɗauke, iska na kawo ƙarnin kogi. Faruku na zaune cikin ɗakin bayan shagon Alhaji Aƙilu ya tsura wa saba ido, kwamfutar da ke riƙe da shafin shagon na intanet. Shi gyaran fuskar shafi ya iya, haɗa saba kuwa yanzu yake koyo. Ya aje ta ƙasa cikin kusurwa, kullum dare sai ta mutu. Alhaji ya ce in ta ƙara, wani zai ɗauko daga Gaya.

Faruku kuwa mai gadin shagon yake zargi, shi ya sa ya saka sakata ya zauna jira.

Sai ya ji sallama bayansa. Wani tsoho ne tsaye, rigarsa busassa ƙarau.

"Kai ne mai injin ga?"

"Ni ne, baba. Wa ya aiko ka? Mai gadi?"

"Ɗana, tun da ka aje shi yake hura zahi bisa shimfiɗar ɗiyana. Ba su kwana. Na gaji da kashe shi."

Faruku ya dubi kusurwar. Ba komi sai wata tsaga jikin bango. Muryar tsohon kuwa kamar daga can take fitowa.

Ya yi bisimilla, ya ɗauki saba ya aza ta bisa tebur kusa da taga. Ya juyo ya ce an gama, bai ga kowa ba. Sakata na nan yadda ya saka ta.