Almakashin Mae Fongjan

Ranar da Saengla ta fara ganin Tanwa, da tsawa ta tare shi.

"Kai! Mai gajeren wando! Ina za ka a haka?"

Ya riga ya hau matakala uku cikin ɗari biyun da ke kai mutum haikalin kan dutse. Ya juyo. Dogo ne, fuskarsa irin tamu sak, amma ƙwaurinsa fari fat kamar an fere rogo. Da Bature ne da ba wanda zai ji haushi, mun saba. Duk shekara idan Nuwamba ta kama sai su zubo mana nan Lampang suna gudun ƙanƙarar ƙasarsu, su shiga haikali da singileti, su zauna su miƙe wa Buddha ƙafa wai suna ɗaukar hoto. Aikin Saengla da mahaifiyarta, Mae Fongjan, ke nan a bakin ƙofa: ɗaura wa irin waɗannan zani. Ni kuwa rumfata ce manne da tasu, furen bado da turaren tsinke nake sayarwa, don haka duk abin da zan faɗa a kan idona aka yi shi.

"Yi haƙuri," in ji shi da harshenmu, amma a karkace. "A Norway na tashi."

"Ko a duniyar wata ka tashi, gwiwarka dai a waje take. Ɗaga hannu."

Ta ɗaura masa zani mai furanni, ta ja ƙullin har sai da ya ce wash. Washegari ya dawo da gajeren wando. Jibi ma haka. Rana ta huɗu na ce masa, "Ɗan nan, a bayan tasha fa ana sayar da dogon wando." Ya ce ai ya sani, yana magana yana satar kallon rumfar kusa.

A hankali muka ji labarinsa. Mahaifiyarsa 'yar wani ƙauye ce nan bayan tsaunuka, ta tafi da shi yana ɗan shekara uku. Duk lokacin sanyi takan dawo da shi gida, da wani ɗan littafi da ta jera sunayen haikali ɗari da take son ziyarta. Ta rasu saura arba'in. Shi ne yake aikin gyaran jiragen ruwa wata takwas, ya zo ya yi huɗu yana ƙarasa mata. Namu ne na sittin da ɗaya, kuma a nan lissafin ya fara tafiyar hawainiya.

Saengla takan karanto min saƙonninsa tana haɗe rai, wai ita a dole ba su burge ta ba.

"Mai Zani, yau na je na sittin da biyar. Ba wanda ya yi min tsawa a ƙofa. Ban ji daɗin wurin ba."

"Tsuntsun Sanyi, ka tsallaka dokin ƙofar ko ka taka?"

"Na taka. Amma na ba shi haƙuri."

"Kai dai ba za ka taɓa zama mutum ba. Ka ci abinci?"

Haka suka yi sanyi uku. A na ukun ne ya je wa Mae Fongjan da maganar aure, ita kuwa ko kai ba ta ɗaga daga yadin da take yankawa ba. Tana da wani tsohon almakashi mai baƙin mariƙi da ba ta yarda kowa ya taɓa, da shi ta nuna masa hanya.

"Mae, me ya yi miki?" in ji Saengla bayan ya tafi.

"Tsuntsu ne. Ya zo da sanyi, ya tafi da sanyi. Ya taɓa ganin Afrilu a garin nan? Ya taɓa shaƙar hayaƙin gonaki? Kuma ɗanye ne. Ba zan ba ɗanye 'yata ba."

A wurinmu namijin da bai taɓa aske kai ya ɗauki mayafin zuhudu ba, ko da na sati biyu ne, ɗanye ake ce masa. Kafin aure ake yi, domin ladan ya tafi ga uwa. Ita ce ke fara yanke gashin, ita ke rungume mayafin a gaban ayari. Mae Fongjan kuwa 'ya'ya mata uku ta haifa, mijinta ya rasu. Shekara talatin tana zuwa bikin 'ya'yan wasu, kullum a ƙarshen layi da tiren kyandir. Ba ta taɓa magana a kai ba, amma na ga yadda take kallon mayafin nan.

Ga kuma Bunlert, mai kekunan doki shida a gari, wanda ya shiga zuhudu har sau biyu kuma ba ya bari a manta. Shi ma Saengla yake so, kullum sai ya zo da mangwaro ya zauna mana a benci.

"Mae, lokacin da na shiga na biyu..."

"Mun ji, Bunlert," nakan ce. "Har dawakanka sun haddace."

Saura kwana goma Tanwa ya koma, Saengla ta tsare shi a gindin matakala.

"Yaya Tanwa, sati biyu ne fa kacal. Ka shiga mana ka rufe mata baki."

Ya ce, "In shiga don wa, La? Wadda za ta yanke min gashin tana can kwance ƙarƙashin ƙanƙara."

Duk mai hankali ya ji wannan ya san ciwo ne ke magana. Ita kuwa halin uwarta ta ɗauko, ƙi kawai ta ji.

"To hau jirginka! Dama Mae ta faɗa."

A gabana ta toshe lambarsa. Na ce, "Ke yarinya, buɗe." Ta ce ko za a yanka ta.

Bayan kwana uku Bunlert ya zo bakinsa har kunne. Wai shi da kansa ya kai Tanwa tasha da akwatinsa, ɗakin da yake haya ma an ba wani. Mae Fongjan ta ce, "Tun kafin lokacinsa ma ya tashi." Saengla kuwa, duk baƙon da ya faɗa hannunta a watan nan sai da ya sha matsa a ƙugu. Wata tsohuwar Baturiya har ta roƙe ni in sassauta mata.

Maris ya shigo da hayaƙinsa, baƙi suka watse, zafi ya fara dukan kwano. Ina ganin yarinyar nan tana ramewa, wayar na hannunta, taɓawa ɗaya ta rage, amma taurin kai ya hana. Uwa ta kafe, 'ya ta kafe, ni ce a tsakiya ina shan takaici. Mae Fongjan ta ce wa Bunlert ya turo manyansa bayan bikin watsa ruwa na tsakiyar Afrilu.

Ran biyar ga Afrilu, rana tsaka, na hango wani yana tahowa cikin fararen kaya, wando har idon sawu. Ya yi baƙi, ya rame, wuyansa duk ƙurajen zafi. A hannunsa tire ne da fure da kyandir da turare, kuma ba a wurina ya saya ba, wannan har yau ban yafe ba.

Saengla ta miƙe zumbur. Ya wuce ta, ya durƙusa a kan siminti mai zafi gaban Mae Fongjan.

"Mae, sati shida ke nan ina haikalin ƙauyen mahaifiyata ina koyon karatun shiga. Harshena ya sha wuya, amma na haddace. An sa rana. Babban malami ya tambaye ni wa zai yanke gashi, wa zai riƙe mayafi. Ni ba ni da uwa. Na zo roƙon ki tsaya min."

Mae Fongjan ta ƙura wa tiren ido.

"Tashi, kana tare min masu saye," ta ce, alhali ko kare babu a wurin.

Bai tashi ba.

"Ran yaushe ne?"

"Ran tara, Mae."

"Kwana huɗu! Kai wane irin yaro ne? Yaushe zan ɗinka riga?" Ta karɓi tiren da hannu biyu, ta juya mana baya tana goge ido da gefen yadi. "Kuma ka faɗa musu ba da almakashin haikali ba, duk a dakushe suke. Da nawa za a yi."

Sai a lokacin Saengla ta sami baki. "Sati shida! Hannunka ne ya karye da ba za ka aiko ko kalma ɗaya ba?"

Ya ciro waya ya miƙa mata. Saƙo arba'in da biyu, kullum ɗaya, babu wanda ya isa. Ta karanta na farkon a fili:

"Mai Zani, na soke tikiti. Na tafi koyon zama mutum kamar yadda kika daɗe kina so. Kada ki ɗaura wa kowa zani da kyau kafin in dawo."

Ta dube ni. Na ce, "Kada ki kalle ni. Sau nawa na ce ki buɗe?"

Ran tara ga wata muka cika mota biyu zuwa ƙauyen. Ni na kawo ganyen badon da ake tarar gashi, mafi faɗi a cikin kayana. Mae Fongjan ta tsaya a kansa da almakashinta, ta kama gashin gaban goshi.

"Yaya sunan mahaifiyarka?"

"Buakham."

"Buakham, wannan naki ne," ta ce, ta yanke. Ta sake kama wani. "Wannan kuma nawa." Daga nan kuka ya ƙwace mata, sai da muka riƙe ta. Amma da aka fara zagaya haikali ita ce a gaba, mayafin rungume a ƙirji, tana tafe kamar ba tsohuwar da ke kukan ciwon gwiwa ba.

Da aka aske masa gira Saengla ta yi dariya har ta shaƙe. Ya dawo haikalinmu ya yi zaman zuhudunsa. Kwana goma sha biyar tana fita da asuba ta zuba masa shinkafa mai danƙo a kwanonsa, ba taɓawa, ba haɗa ido, ta dawo tana mita wai an ƙirƙiro dokar nan ne don a gasa ta. Bunlert ya yi fushin sati guda, daga baya ya ba da keken doki kyauta ran biki, don dai ya sami waɗanda zai ba labarin shigarsa ta biyu.

A watan Yuni aka yi auren, kan ango ya fara tsiro kamar sabuwar ciyawa. Tsofaffi suka jeru suna ɗaura musu farin zare a wuyan hannu suna sa albarka: ku tsufa tare, ku cika gida, ku riƙa sanyaya wa juna zuciya. Ni ma na ɗaura, na ƙara da cewa kada wanda ya sake toshe wani.

Mae Fongjan ce ta ƙarshe. Ta ɗaura wa 'yarta, sannan ta kama hannun Tanwa ta daɗe tana ƙulla zaren.

"Haikali nawa suka rage a littafin Buakham?"

"Ashirin da bakwai, Mae."

"To da ni za a je, kuma da dogon wando." Ta shafa kansa, ta ce, "Yanzu kam ka nuna, ɗana."