Ɗanyar Kwalta

A cikin kwalbati mai tuƙa rolar danne kwalta ya tsinci gawar ɗana, bayan shingen sabon titin da aka hana shiga. An shaƙe shi da igiyar kyamararsa, an farfasa kyamarar da dutse, an haɗa da yatsunsa. Autana ke nan, mai yawon ɗaukar hoton tituna, wanda ko kaza ba ya iya yankawa.

Sufeton 'yan sanda ya fara bincike da mai gadin shingen. Ina tsaye, don na rantse ba inda zan je.

"Wa ka ɗaga wa sandar shinge jiya?"

"Ranka ya daɗe, abinci na je nema, na bar ta a ɗage."

Sufeto ya dubi hannun mai gadin na dama, shanyayye tun haihuwa. Hannu ɗaya ba ya shaƙe ƙato. Mai rola kuwa cikin leburori ya wuni, duk sun shaida.

Saura direban da ya kai ɗana wurin: Dogo, ɗan ƙanwata, wanda ya tashi kwano ɗaya da Auta.

"Inna, wallahi a bakin shinge na sauke shi na juya. Tayata ba ta taka ciki ba."

Yana kuka har da majina. Da ya riƙo hannuna, warin kananzir ya doke ni.

"Kai, yaushe ka fara girki?"

"Fitila na gyara, Inna."

"Fitilar uwaka! Sufeto, a duba motar yaron nan."

Tayoyi an wanke su fes, sai ƙyalli. Sufeto ya kwanta a ƙasa, ya leƙa ƙarƙashin motar, ya lakato wani baƙin abu mai danƙo.

"Ruwa ba ya fitar da kwalta, sai kananzir," in ji shi. "Ɗanyar kwalta kuma babu ita a duk hanyar nan sai bayan shinge. Ka wanke taya, ka manta ciki. Me ka shiga yi?"

Aka yaye tampol a bayan motar, sai ga ƙarafan gefen titi jibge. Nan bakin Dogo ya buɗe. Wai Auta na ɗaukar hoton titi, ya juyo ya ɗauke shi yana kwance musu noti, ya kuma ƙi goge hoton, shi ne ya shaƙe shi.

Na cire takalmina na fasa masa baki kafin a rirriƙe ni.

Yanzu ƙanwata na turo mini dattawa, wai a rufa asiri, jini ɗaya ne. Jinin na gan shi a kwalbati. Kotu za mu.