Dorina a Bahon Wanka

Wata tsohuwa da ke zaune a ƙasan bene ta ji ana jan abu mai nauyi a matakala cikin dare, gurr, gurr, sannan famfo ya kwana yana zuba a samanta. Da safe ta kai ƙara ofishin 'yan sanda, aka yi mata dariya. Sufeto ne kaɗai bai dara ba, domin shi mutum ne mai son zancen da ba kai ba gindi.

A safiyar nan kuma ɗan kwangilar da ke yasar kogin lambun shaƙatawa ya kawo rahoton sata. Motar haƙa ta tono goshin wani tsohon kwalekwale, an sassaƙa shi da siffar kan dorina. Ɗan kwangilar ya kulle shi a ɗakin ajiya, aka wayi gari babu shi.

Sufeto ya je ya duba. Ɗakin kwano ne, zafi kamar tanda, an ɓalle kwaɗo. Maigadi ya rantse bai runtsa ba, ga kuma zanen tabarma a kumatunsa. Direban motar haƙa ya ce bai ga komai ba, da aka matsa masa ya tuna ya ga jiƙaƙƙun buhuna a motar Uwar Laka.

Haka leburori ke kiran masaniyar kayan tarihin da aka turo ta sa ido a kan haƙan. Da Sufeto ya tambaye ta, ta ce barci ta sha har asuba. Sufeto ya dubi yatsunta, sun yamushe kamar na mai wanki. Ya tambayi inda take zaune. Ashe benen tsohuwar nan ne.

Can ya iske dorina kwance a bahon wanka, ruwa har ido. Ya daɗe yana kallonta, har ya ga kamar numfashi take.

"Malama, ƙarya kika yi mini."

"Na yi, ranka ya daɗe. Itacen nan ya girmi kakan kakanka, laka ce ta raya shi. In ya bushe zai tsage ya zama gari. Na roƙi ɗan kwangila ya bar shi a ruwa, ya ce shi ba kifi ya kamo ba. Ni na ɓalle kwaɗon, gobe ma sai in ɓalle."

Sufeto ya ce doka doka ce, kayan shaida sai ofis. Ya kuma san ɗakin shaidarsu ya fi na ɗan kwangila zafi. Ta miƙa masa hannuwa da kanta, ta ce ya sa ankwa in ya ga dama, jiƙaƙƙun buhunan da za ta naɗe dorinar da su dai kar a cire.

Kurata suka sauko da dorina tana ɗiga a matakala, sun tasa Uwar Laka a gaba. Tsohuwa na tsaye a ƙofarta, ta riƙo hannun rigar Sufeto.

"Ɗan nan, yanzu da za ku kulle ta, wa zai riƙa ba abin nan ruwa?"