Shokar Tanimu

Da aka ci tuwo aka kwashe kwanuka, Yaya Saminu ya ja tabarma zuwa gindin rumbu. 'Ya'yan baffansa uku suka kewaye shi, Ladiyo da Asabe da Mudi. Ya ce a juya tocila ta kalli bango.

"Wannan ba tatsuniya ba ce," in ji shi. "Mutumin yana nan da ransa. Duk wanda ya san ba zai iya zagayawa shi kaɗai ba, ya tashi tun yanzu."

Ba wanda ya motsa. Ya sassauta murya, ya fara.

*

A Tungar Magina sana'ar mata ginin tukwane ce. Tulu, randa, kasko. Duk Laraba sai an kai su kasuwa, tafiyar awa guda a mashin. Hanyar kuwa suna kawai ta ci. Gargada, yashi, ramuka, ga wata gangara da ta bi ta gefen tsohon ramin yumɓu.

Mutum biyu ke ɗaukar kayan, Tanimu da Lawwali. Sa'annin juna ne. Mashin ɗinsu ma iri ɗaya, ƙaramin nan mai siririyar taya.

Tanimu bai taɓa fasa ko murfi ba. Zai jera tulu goma sha biyu cikin raga da ƙaiƙayi, ya ɗora randa a sama, ya ɗaure da roba, ya wuce kamar a kan kwalta. In ka bi kayan da kallo daga baya, ko girgiza babu.

Lawwali fa? Kun san shoka, sifirin ɗin nan biyu na ƙafar baya da ke shanye gargada. Tasa da ya faɗa rami sai ta zauna ƙasa, ka ji ƙwas. In ya ƙara wuta, bayan mashin ya kama rawa, kan mashin ya dinga fizge masa hannu. Babu gyaran da bai yi ba. Ya canza boris. Ya ɗura mai mai kauri a shokar gaba. Ya yanka tsohuwar taya ya cusa a sifirin don ya yi tauri. Ya rage iska, ya ƙara iska. Duk da haka kowace Laraba sai an kwashe tsingaro a ƙasan ragarsa.

Matan har sun maida shi abin ba'a.

"Lawwali, tukunya muka ba ka, ba garin tukunya ba."

Da ma Tanimu mai fariya ne, da Lawwali ya samu abin zagi. To ba ya yi. Gaisuwa, kai ƙasa, ya ɗaure kayansa ya tafi. Wannan shirun ya fi komai cin ran Lawwali. In aka yabi Tanimu a majalisa, shayi sai ya yi masa ɗaci. In Tanimu ya wuce, sai ya bi ƙafar bayan mashin ɗin da ido har ta ɓace.

Wata rana ya tare shi.

"Wai wace irin shoka ce a mashin ɗin nan naka?"

"Tsohuwa ce."

"Ina ka samo ta?"

"Bar maganar nan, Lawwali."

"Au, rowa za ka yi mini? Tsoro kake kar in kamo ka?"

Tanimu ya dube shi. Ya ce, "Don Allah ka bar ta."

A satin ne Inna Tabawa, babbar maginiyar garin, wadda duk inda ta sa ƙafa sauran mata nan suke bi, ta kira Lawwali.

"Ɗan nan, ba ƙin ka nake ba. Amma tulu ɗaya kwana nawa yake ci mini, daga kwaɓa zuwa gashi? Larabar nan in ka fasa ko ɗaya, shi ke nan. Tanimu zai dinga kwashe mana duka, ko da sawu biyu ne."

Lawwali ba shi da gona, ba shi da wata sana'a. Kayan nan su ne tuwon gidansa.

Ranar Talata ya kai mashin wurin Sallau bakanike. Sai ga na Tanimu a inuwa, an cire masa sarƙa, mai shi ya tafi gida. Aka kira azahar.

"Taso mu je masallaci," in ji Sallau.

"Je ka, Oga. Zan tsare maka wuri."

Noti huɗu ne kacal. Biyu sama, biyu ƙasa. Da ya zare shokar Tanimu sai ya tsaya yana juya ta. Tsatsa ta cinye ta. Ko ɗigon mai babu a ciki. Sifirin ɗaya ma a tsage yake. Irin wadda ko 'yan gwangwan sai sun yi tunani kafin su karɓa.

Amma da ɗumi. Mashin tun safe yana inuwa, ƙarfen kuwa da ɗumi kamar cikin akuya.

Ya kusa mayar da ita. Sai ya tuna yadda randa ke zama a bayan Tanimu. Ya ɗaura ta a nasa, ya ɗaura tasa a na Tanimu, ya shafa wa duka ƙura. Kafin a sallame ya gama.

Laraba bai samu tashi da wuri ba, sai da rana ta take tsaka. Yana fita gari ya gane ya cuci kansa. Matacciyar shoka ce, ba wani sirri. Kowane ɗan dutse sai ya ji shi a ƙashin bayansa. Tuluna na gwara kai, ƙal, ƙal. Ya rage gudu har kamar mai tafiya a ƙasa, zufa na shiga masa ido.

Ya iso gangarar ramin yumɓu. Ba tsuntsu, ba iska. Kun san shirun tsakar rana a daji.

Wata tsohuwa na tsaye a bakin hanya, cikin rana, alhali ga inuwa kusa da ita. Mayafinta launin yumɓu, ya sauka har ƙasa. Ba ta ɗaga hannu ba. Mashin ya mutu da kansa, daidai gabanta.

"Ka makara," ta ce.

Tana gabansa. Muryar kuwa daga bayan kunnensa ta fito.

"Iya, babu wuri. Kaya ne."

"Wurina yana nan."

Bai ga hawanta ba. Ya dai ƙifta ido, bakin hanya ba kowa. Tsakanin bayansa da raga bai fi taƙi ɗaya ba, amma ya ji numfashi a wuyansa.

Duk mai mashin, ko bai waiwaya ba, ya san nauyin wanda ya ɗauka. Mutum na zama, bayan mashin zai nutsa. Ko jariri aka ɗora sai ka ji. Wannan bai nutsa ba.

Ɗagowa ya yi.

Inji ya tashi ba tare da ya buga ba. Suka gangara.

Tuluna suka yi tsit. Ga rami yana gani, taya ta shiga, bai ji komai ba. Kai ya daina fizga. Ya ƙara wuta, ya sake ƙarawa. Kamar jirgin ruwa a tafki. Wallahi da farko har murmushi ya yi. Ya ce a ransa, ashe haka Tanimu yake ji duk shekarun nan.

Sai ya duba ƙasa.

Ƙafafunta ba sa kan matakin fasinja. Suna ƙasa, ɗaya dama ɗaya hagu, tafin yana shafar hanya ba ƙura. In taya ta faɗa rami, ƙafar sai ta ƙara tsawo. In an hau tudu, sai ta naɗe. Ya ƙirga gwiwa uku a ƙafa ɗaya, ya daina ƙirgawa. Hannayenta kuwa sun zagaya ta ƙarƙashin kariyar da ake ɗaure kaya a kai, sun tallabe kayan gaba ɗaya, yadda uwa ke tallabe goyo.



Ta shinshina wuyan rigarsa.

"Wannan ba bayan Tanimu ba ne."

"Aro... aro ya ba ni, Iya."

"Ba a aro na."

"Saya na yi."

"Ba a sayar da ni."

Mashin ya ɗan karkata wajen kwazazzabo. Kaɗan kawai. Randa ta yi ƙara a sama.

"Sata na yi," in ji Lawwali.

Mashin ya miƙe. Ta yi wata 'yar dariya mai daɗi, irin ta wadda aka kawo wa tsaraba.

"Har sallah ka bari domina. Shi bai taɓa so na haka ba."

A bakin kasuwa baya ya nutsa, ƙwas, ya san ta sauka.

Aka kwance kaya. Ko tsaga babu. Inna Tabawa ta ƙwanƙwasa tulunan ɗaya bayan ɗaya, ta ce, "Kai ɗan nan, ashe ka iya."

Can la'asar sai ga Tanimu. Rabin kayansa ya farfashe, mashin na tsalle kamar ɗan maraƙi. Yana dariya, hawaye na zuba. Ya jingine mashin, ya zo ya rungume Lawwali a gaban jama'a.

"Allah ya saka maka da alheri, ɗan'uwa."

"Ka san da ita?"

"Shekara tara." Ya ja shi gefe. "Tuna da kyau. Ka taɓa ganin mutum a bayana? Ba ta yarda kowa ya zauna a wurinta. Na ɗauki ƙanena sau ɗaya, har yau yana ɗingishi. Ranar da matata ke naƙuda, a amalanke aka kai ta asibiti, ina biye a mashin ni kaɗai, mutane na cewa ba ni da imani."

"Me ya hana ka jefar da shokar?"

"Na jefa a rijiya. Da safe na same ta a ɗaure. Na sayar da mashin, na sayi wani, ta bi ni. Ni ma a jikin wani mashin na cire ta, na zata ba mai shi. Ba ta barin mutum sai an sace ta. Kuma sai ɓarawon bai san da ita ba."

"To da ka ce in bar maganar?"

"Tausayinka na ji. Kai ne ba ka ji naka ba."

Tun daga ranar kayan Tungar Magina duka na Lawwali ne. Bai ƙara fasa ko kasko ba. Uwarsa kuwa, da ciwon gwiwarta, a ƙasa take zuwa ko'ina. 'Ya'yansa ba su san yadda bayan ubansu yake a mashin ba.

Tanimu ya koma ɗaukar mutane. Da yamma zai wuce ta ƙofar gidan Lawwali, matarsa a baya, yara biyu a tsakiya, mashin na rawa, suna ihu suna dariya a kowane rami. Lawwali na zaune a dakali. Yana bin su da ido har su ɓace.

*

Nan Yaya Saminu ya kai ƙarshen labarin. Asabe ta janye ƙafafunta daga bakin tabarma, ta cusa cikin zane.

"Saboda haka," ya ce, "kar wanda ya bi ta ramin yumɓu shi kaɗai da tsakar rana. Ko da aike ne, ku nemi abokin tafiya."

"Yaya," in ji Mudi, "kai ka taɓa ganin Lawwalin?"

"Duk Laraba yana kasuwa. Ba ya kulle mashin. Yana barin sifana a kan kujera, ya tafi nesa ya juya baya. In ya ga baƙon mai mashin, sai ya matso ya hau yabon shokarsa, babu irinta a ƙasar nan." Ya miƙa hannu ya ɗauki tocilar. "Satin jiya ni ya tare. Ya ce in danna in ji laushi."

"Ka danna?" in ji Ladiyo.

"Hannuna a aljihu na baro kasuwar. Ku tashi ku shiga ciki."