Gurbin da Aka Bari a Jikin Tulu

A garin masunta da ke bakin kwarin Moce, kowa ya mutu, tsohuwa Caname ce ke gina masa tulun kabari. Takan zana ƙwarangwal suna rawa riƙe da hannun juna, sannan ta ƙara mamacin a ƙarshen layi. Amma da teku ta haɗiye ɗanta Efio bara, shi da kwalekwalensa, sai ta gina tulun, ta bar gurbinsa fayau. Duk wanda ya yi mata magana sai ta ce, "Wa ya ga gawarsa?"

Wata rana dare ya raba tana zane a bakin murhu, ta ji an tsaya a ƙofa.

"Iya, ko zan ɗan ji ɗumi?"

"Shigo, ɗan nan. Wace irin tafiya ce cikin daren nan?"

Baƙon ya tsuguna inda haske bai kai ba. Warin gishiri ya cika ɗakin. Ruwa na ta ɗiga daga ƙafafunsa, wutar ta kasa busar da su. Ta miƙa masa kunun masara, bai karɓa ba, idonsa na kan tulun nan da ke lungu.

Ya ce, "Can inda na fito ana ta rawa, ana busa sarewa. Wanda bai zo da tulunsa ba, ba a ba shi hannu. Shekara guda ina gefe ina kallo."

Ya miƙa hannu ya shafa gurbin. Haske ya faɗa kan yatsansa, yatsan Efio da ƙugiya ta karkatar tun yana goye.

"Iya, ki cike mana. Na gaji da tsayuwa."